Darasi na Tara: Taimakon Ƙasashen Waje da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Gidan sauron da ake rabawa a unguwa, da maganin tarin tibi da ake bayarwa kyauta, da ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ana yi wa yara, ba gwamnati kaɗai ke biyan kuɗinsu ba. Akwai hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, da UNICEF mai kula da yara, da asusun Global Fund na yaƙi da ƙanjamau da tarin tibi da zazzaɓin cizon sauro. Su kawo kuɗi da magani da horo, gwamnati ta kawo asibiti da ma'aikata. Wannan shi ake kira haɗin gwiwa.

Mu a Kano mun ga yadda yake aiki. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin da ake yi masa, sai a 2004 aka ci gaba. Abin bai kankama sosai ba sai da sarakuna da masu unguwanni da malamai suka sa baki. Daga baya gidauniyar Dangote da ta Bill Gates suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jiha kan rigakafin yara. A 2020 aka bayyana cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Kuɗin waje ya yi rana, amma da mutanen gari ba su yarda ba, da ba a je ko'ina ba.

Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa an daɗe ana barin sa a baya, likitocinsa kuma ba su da yawa. Shi ya sa a 2008 WHO ta fito da wani shiri mai suna mhGAP, na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya da illar shaye-shaye. A 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Dokar ta ɗauki mai wannan lalura a matsayin majiyyaci mai haƙƙi.

To, idan abin ya shigo gidanku fa? Mutum ya yi sama da mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya daina kasuwa ya daina zumunci. Ko mai jego ta riƙa kuka, ta ƙi karɓar jaririnta. Ko matashi ya fara surutai shi kaɗai. Kada a ɗaure shi a mari, kada a doke shi. Ku kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ku faɗi yaushe abin ya fara da abin da yake sha, ko da kodin ne ko tiramol. Ɓoyewa ba ta taimakon likita. Ba kowane ƙaramin asibiti ne ke da wanda ya samu horon ba, don haka ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Addu'a ba ta hana shan magani. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kada a yanke shi ba da sanin likita ba. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, ba a jira gobe. A kawar da fiya-fiya da wuƙa, wani ya zauna tare da shi, a tafi asibiti a ranar.

Aikin gida: rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da gidanku, da ranakun da ake ganin likita.