Batirin lemun tsami ya ƙi kawo wuta? Ga inda ake kuskure

Duk sanda aka ba yara aikin haɗa batir da lemun tsami a makaranta ƙorafin ɗaya ne, wai lemun ne ba shi da kyau. Gaskiya yawanci lemun ba ruwansa, matsalar daga ƙarfen take ko haɗin waya.

Babban kuskure shi ne a soka ƙusa da ƙusa, ƙarfe iri ɗaya, to ai ba abin da zai fito. Dole sai iri biyu, tutiya da jan ƙarfe. Ka nemo ƙusar rufin kwano mai ruwan toka ɗin nan, ita ce aka lulluɓe da tutiya, sai wayar wuta ta jan ƙarfe ka fere robar, in kuma daga kwayil ɗin tsohuwar fanka ka ciro ta to ka kankare bakinta da wuƙa sai ta yi ƙyalli, don akwai fenti a jikinta mai hana wuta wucewa kuma ido bai cika ganinsa ba, nan ne da yawa suke maƙalewa.

Lemun namu ƙanana ne, sai ka ga ƙusa da waya sun haɗu a ciki ba ka sani ba. Ka ba su tazara, kuma kafin ka soka ka murza lemun a kan tebur ya yi laushi ruwan ya saki.

Sannan lemo ɗaya kusan bolt 0.9 kawai yake bayarwa (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), jan LED kuwa, wato ɗan mitsitsin ƙwan lantarkin nan mai ƙafa biyu, yana son wajen bolt 2, don haka sai ka jera guda 4, jan ƙarfen wannan zuwa ƙusar na gaba, haka har ƙarshe. Doguwar ƙafar LED ɗin ta tafi ɓangaren jan ƙarfe, in bai kama ba ka juya shi, kuma a ɗaki mai duhu za ka duba don hasken ɗan kaɗan ne. Ƙwan tocila na da ko cajin waya kam kar ma a wahalar da yaro, wutar ba ta kai nan ba.

Don Allah a fahimtar da yaro cewa tutiyar da ke narkewa ce ke ba da wutar, ruwan tsamin hanya ce kawai, shi ya sa dankalin turawa ma yake yi, Alessandro Volta ma, wanda ya ƙirƙiro batir na farko, a 1800 ƙyallen da aka jiƙa da ruwan gishiri ya sa tsakanin ƙarafan. In an gama a zubar da lemun, kar ƙannensa su sha.