Yadda Ake Saka Akwatin Makunnai Mai Rimot a Motar Shiga Daji

Duk wanda ya taɓa ƙara wa Hilux ko Land Cruiser fitilar saman rufi da ta hazo da injin hura taya, ya san yadda kan batir yake komawa. Wayoyi cunkus kamar saƙar gizo-gizo, kowace da nata fis, kowace kuma sai an huda mata hanya zuwa cikin mota. Maganin wannan shi ne akwati guda a ƙarƙashin bonet, mai fis da rile (makunnin da wuta ke kunna shi, ba hannu ba) a ciki, yawanci layi 6 ko 8. Direba yana sarrafa shi da rimot, wato ɗan allon maɓallai marar waya, ko ta Bluetooth daga wayar hannu.

Kafin ka ɗauki sufana, ɗauki biro. Raba wat ɗin kowane kaya da 12, wato bolt ɗin batirin mota, ka samu amfiyar da yake ja, wato yawan wutar da yake ci. Fitila mai wat 120 tana jan amfiya 10, fis mai 15 ya ishe ta. Tara jimillar, ka gwada da abin da aka rubuta a jikin akwatin, wanda sau da yawa amfiya 60 ne. Winci kuwa, wato injin da ke jan mota da igiya, ba ya shiga wannan lissafi. Idan yana jan mota daga laka yakan ci ɗaruruwan amfiya, don haka a bar shi a kan wayarsa mai kauri daga batir. Ka kuma tabbatar motarka mai bolt 12 ce, domin wasu tsofaffin masu dizal 24 ne.

Sai ka cire kan batir na baƙar waya tukuna. Idan sufana ta haɗa kan batir na jar waya da jikin mota alhali baƙar tana ɗaure, tartsatsin zai iya ƙona maka hannu.

Nemo wa akwatin mazauni kusa da batir, a sama-sama inda ruwan rafi ba zai kai ba, nesa da zafin salansa. Bakin wayoyinsa ya kalli ƙasa. Ɗaure shi da noti, domin gargada ba ta barin abin da aka liƙa da gam.

Yanzu ga wurin da nake roƙonka ka natsu. Babbar jar wayar da za ta tashi daga batir zuwa akwati dole ta bi ta babban fis, kuma fis ɗin ya zauna dab da batir, kada ya wuce taƙi guda. Dalili kuwa, duk tsawon wayar da ke gabanin fis ba ta da kariya. Ran da gefen ƙarfe ya goge robarta, wuta ce, kuma a tsakiyar daji babu mai kawo maka ɗauki. Na taɓa ganin motar da bonet ɗinta ya babbake saboda wannan sakaci, ba na so in sake gani. Zura wayar cikin bututun roba, ka ɗaure ta kada ta yi lilo. Baƙar wayar akwatin kuma ta tafi jikin mota, a wurin da ka kankare fenti har ƙarfe ya fito fes.

Akwai wata siririyar waya da ke tayar da akwatin. Haɗa ta da fis ɗin da ba ya samun wuta sai an murza makulli, kamar na rediyo. Haka zai hana ka wayi gari batir ya mutu don an manta fitila a kunne.

Daga nan kowane kaya ya hau layinsa, mai cin wuta da yawa a layi mai babban fis. Matse bakin kowace waya da kyau, ka ja ta da hannu ka ji ko za ta zare.

Mayar da kan batir, ka murza makulli, ka haɗa rimot da akwati yadda takardarsa ta nuna. Kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tayar da inji ka kunna su gaba ɗaya na kamar minti 10. Taɓa wayoyin. Ɗumi kaɗan ba komai, amma wadda ta yi zafi ta yi wa aikin siriri, a canza ta da mai kauri. Bayan tafiyar farko a hanyar gargada, buɗe bonet ka sake matse notocin.