Yadda Nake Riƙe Ciwon Suga a Ranakun da Ciwon Damuwa Ya Danne Ni

Ina da shekara 16 aka gano ina da ciwon suga nau'i na ɗaya, yanzu kuma shekarata 33. Lissafin insulin na san shi kamar yunwar cikina. Duk da haka akwai lokacin da na yi kwana tara ban taɓa na'urar gwajin sugana ba. Tana nan a gefen gado, ina kallonta, hannuna ya ƙi zuwa. A kwana biyun ƙarshe har allurar dare na bari. Yayata ce ta shigo ta same ni ina amai, numfashina na fita da ƙarfi, ta ɗauke ni sai asibiti. A can ne wata likita ta zauna a bakin gadona ta tambaye ni yaushe rabona da jin daɗin wani abu. Na rasa amsa. Daga ranar na san ciwo biyu nake ɗauke da su, na biyun kuwa shi ne ciwon damuwa.

Abin da zan faɗa a nan shi ne tsarin da ya riƙe ni tun daga wancan lokaci. Adadin insulin ɗinka tsakaninka ne da likitanka, ba zan taɓa shi ba.

Ciwukan nan biyu suna ciyar da juna. Mai nau'i na ɗaya, garkuwar jikinsa ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki, don haka aikin da jiki ke yi da kansa ya dawo hannunsa, dare da rana. Shi kuma ciwon damuwa abin da yake fara cinyewa shi ne kuzari, da tunawa, da ganin cewa wani abu yana da amfani. Idan ka bar allura suga ya hau, gajiya da kasala da yawan fitsarin dare su ƙaru, barci ya lalace, washegari ka tashi zuciya ta fi jiya nauyi. Tashin hankali ma da kansa yana sa jiki ya fitar da sinadaran kotizol da adirenalin, su kuma su ɗaga suga. Bincike ya daɗe yana nuna cewa masu ciwon suga sun ninka sauran mutane kusan sau biyu wajen kamuwa da ciwon damuwa. Ranar da na ji wannan na daina kiran kaina raggo.

Ka tsara mafi ƙarancin aiki tun kana da lafiya

A rana mai kyau ina ƙirga abin da na ci, ina gwaji kafin abinci da bayansa, ina motsa jiki. A rana mara kyau duk wannan ba ya yiwuwa, kuma kuskuren da na daɗe ina yi shi ne idan na kasa yin duka sai in watsar da duka. Saboda haka ni da likitata muka rubuta a kati ɗaya abin da ba na saukowa ƙasa da shi, ko da ban iya wanka ba.

Na farko kuma mafi girma shi ne insulin mai dogon zango, wato mai aiki a hankali dare da rana, irin su glargine ko degludec. Wannan ba a barinsa ko da ba ka ci komai ba, domin hanta tana ci gaba da zuba suga a jini ko kana barci, kuma jikin da babu insulin a cikinsa yana komawa ƙona kitse, ya tara kiton, wato sinadarin da ƙona kitsen ke bari, jini ya yi tsami. Shi ne abin da likitoci ke kira DKA, shi ne ya kai ni asibiti. Yana iya faruwa cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka, musamman ga mai amfani da famfon insulin, wato ƙaramar na'urar da ke ɗiga insulin a jiki kaɗan-kaɗan, tunda shi babu mai dogon zango a jikinsa. Alƙalamin insulin, wato abin allura mai siffar alƙalami da nake amfani da shi, yana zaune tare da buroshin haƙorina da cajar wayata, inda dole idona ya faɗa kansa. Wanda aka buɗe yawanci yana yin kwana 28 a wajen firji matuƙar ba a bar shi cikin zafi ko rana ba, sai ka duba takardar naka. Na yi haka ne don tafiya daga gado zuwa firji, a irin waɗannan ranaku, tafiya ce mai nisa.

Sai gwaji. Mafi ƙarancina shi ne da na farka, da kafin in kwanta, da duk lokacin da zan yi allurar insulin mai saurin aiki, wato ta abinci, da kafin in tuƙa mota. Da babu gara ba daɗi. Ka wanke hannu ka busar, don ragowar abu mai zaƙi a yatsa yana ba da lambar ƙarya, kuma ka huda gefen yatsa, ya fi tsakiya sauƙin zafi.

Abu na ƙarshe a katin: da na yi allura nake rubuta lokacin nan take. Ciwon damuwa yana cin tunawa, sau da yawa na tsaya riƙe da alƙalami ban san ko na yi ko ban yi ba. Maimaita allura haɗari ne babba. Idan shakka ta kama ka, kada ka ƙara, ka yawaita gwaji ka kira likita. Tun kafin ranar ta zo ka tambaye shi abin da za ka yi idan ka tsallake mai dogon zango da awanni, ka rubuta amsar a bayan katin.

Akwai kuma matsalar rashin sha'awar abinci. Na taɓa yin allurar abinci, na ci loma uku na ture kwanon, bayan awa ɗaya ina rawar jiki. Likitata ta yarje mini, a ranakun da ban tabbata zan ci ba, in yi allurar da zarar na gama, daidai da abin da ya shiga cikina. Ka nemi irin wannan izini daga naka.

Lambobin da ya kamata ka haddace

Ga yawancin manya, ana son suga kafin abinci ya kasance tsakanin 80 da 130 mg/dL, bayan abinci da awa biyu kuma ƙasa da 180. Idan na'urarka tana ƙirga da mmol/L ne, ka raba waɗannan lambobi da 18, wato 180 ya zama 10.

Ƙasa da 70, ko 3.9, suga ya faɗi. Ka sha giram 15 na suga mai saurin shiga jini, kamar ƙwayoyin gulukos ko babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ka jira minti 15, ka sake gwadawa, ka maimaita idan bai hau ba. Ƙasa da 54 kuwa lamarin ya yi tsanani. Ina ajiye gulukos a gefen gado da cikin jaka da aljihun mota. Yayata ta san inda gulukagon ɗina, maganin gaggawa mai ɗaga suga, yake da yadda ake ba da shi, ta kuma san ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki.

A nan akwai abin da na daɗe ban gane ba. Faɗuwar suga tana zuwa da bugun zuciya, zufa, rawar hannu, fargaba da kuka ba dalili. Hawansa kuma yana zuwa da nauyin jiki da dushewar tunani. Duka biyun suna kama da ciwon damuwa ƙwarai. Don haka idan duhu ya rufe ni farat ɗaya, kafin in yarda da abin da zuciyata ke gaya mini, sai na gwada jini. Ba sau ɗaya ba na ga 58, na sha gulukos, bayan minti 20 duniya ta dawo daidai.

Idan suga ya wuce 250 ya ƙi sauka, ko kana zazzaɓi ko amai, ka gwada kiton. A gwajin kiton na jini, ƙasa da 0.6 lafiya lau ne, sama da 1.5 ka nemi likita nan take, 3.0 zuwa sama kuma sai sashen gaggawa ba jira. Amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, ko babu abin gwaji, asibiti ne. Kuma ka kiyayi allurar fushi. Ka ga 300, ranka ya ɓaci, ka yi allurar saukar da shi, bayan rabin awa ka ga bai sauka ba ka ƙara. Insulin mai saurin aiki yana ɗaukar awa 3 zuwa 5 yana aiki a jiki, sai su taru su kayar da kai tsakar dare.

Yadda na daina tsoron allon na'ura

Gaskiyar dalilin da ya sa na bar gwaji kwana tara ita ce kunya. Duk lamba mai yawa ina jinta kamar an kama ni da laifi. Abin da ya taimaka mini ƙarami ne: na haramta wa bakina cewa "mai kyau" ko "mara kyau" a kan lamba. Sai dai "sama", "ƙasa", ko "daidai". Bayan kowane gwaji tambaya ɗaya nake yi wa kaina, me zan yi yanzu? Tambayar me ya sa haka ta faru ina ajiye ta sai ranar da nake da ƙarfin zama da likita.

Na'urar auna suga da ake maƙalawa a jiki, irin FreeStyle Libre ko Dexcom, ta rage mini wahala sosai, kuma ina ganin duk mai fama da ciwukan nan biyu da zai iya samunta ya neme ta. Tana auna ruwan ƙarƙashin fata ne, shi ya sa takan yi jinkirin 'yan mintuna a bayan jini. Idan abin da ta nuna ya saɓa wa abin da kake ji, ka huda yatsa. Amma ita ma tana da nata nauyin. Ƙararrawarta ta taɓa hana ni barci har na so in ciro ta in jefar. Sai muka ɗaga iyakar ƙararrawar sama na ɗan lokaci, ta ƙasa kuwa ba mu taɓa ta ba, kuma kada ka taɓa kashe ta. Masana suna son mutum ya kasance tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin 100 na lokaci. Ko a wannan ma'auni na masu kula sosai, an bar wa mutum kusan awa bakwai a rana a wajen layi. Haka gwajin jini na HbA1c, matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku ne, mako ɗaya mai duhu ba ya rushe shi.

A gaban likita

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi shekaru ina cika littafin gwaji da lambobin ƙarya a daren da zan ga likita, shi kuma yana gyara mini insulin a kan ƙarya. Ka faɗa masa kai tsaye: "Likita, na yi kwana kaza ban yi allura ba, kuma zuciyata ba daɗi." Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu, ka nemi a duba ka. Akwai takardar tambayoyi tara mai suna PHQ-9 da ake cikewa cikin mintuna kaɗan. Ka nemi a gwada maka tayirod ma, wata gaɓa da ke wuya, don ciwonsa yana yawan haɗuwa da nau'i na ɗaya, kuma idan ya yi rauni yana kawo kasala da mutuwar jiki irin na ciwon damuwa. Wani lokaci kuma abin da ke damun mutum gajiya ce da ciwon sugan kansa, wadda maganinta sauƙaƙa tsari da samun mai saurare.

Ni an haɗa mini magani da zaman tattaunawa na CBT, wanda ke koya wa mutum gyara tunani da ɗabi'a. Magungunan ciwon damuwa irin su sertraline sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji aikinsu sosai. Suna iya canza cin abinci, suga ya motsa sama ko ƙasa, don haka ka ƙara yawan gwaji a makonnin farko, kuma kada ka yanke shan su da kanka don ka ji sauƙi. Ka tabbatar likitan suga da likitan ƙwaƙwalwa kowa ya san abin da ɗayan ya rubuta maka.

Saura maganar da ta fi nauyi. Idan tunanin cutar da kanka ya zo, ko ka ji ba ka damu ko ka farka ko kada ka farka ba, ka faɗa wa wani a ranar, ka je sashen gaggawa ko ka kira layin agaji na inda kake. Barin allura da gangan ma yana cikin wannan. Ka miƙa ajiyar insulin da sauran magungunanka ga wanda ka yarda da shi, ya riƙa ba ka na kowane lokaci yana tsaye. Na yi hakan wata biyu, kuma shi ya sa nake nan.

Mutum ɗaya ya isa. Nawa yayata ce. Na roƙe ta kada ta ƙara tambayata nawa suga ya nuna, don tambayar tana sa ni ƙarya. Yanzu da ƙarfe goma na dare saƙonta yake shigowa: "Ƙanina, ka yi ta dare?" Idan na yi, in ce "Na yi, Yaya." Idan ban amsa ba cikin rabin awa sai ta kira, ta zauna a kan waya tana ba ni labarin 'ya'yanta har in buɗe alƙalamin in yi allurar. A makon da ya wuce sau biyu ta kira.