Kurakuran da aka fi yi wajen noman gurɗum domin mai da abincin dabbobi

Manomin Maiwurno ko na ƙauyukan Jazira a Sudan da tsadar jazulin, wato man dizal, ta sa ya fara tunanin noman gurɗum domin samun man inji bai yi kuskure ba. Shuka ce mai ƙaya da aka daɗe da sani a arewacin Sudan, ana tsinkar furenta, wato usfur, domin rini, ƙwayarta kuma tana ɗauke da mai kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Kuskuren yana farawa ne daga ranar da aka ɗauke ta tamkar dawa.

Gurɗum amfanin hunturu ne, lokacinsa ɗaya da na alkama, wato wajen watan Nuwamba, kuma yana bukatar wata huɗu zuwa biyar kafin ya nuna. Wanda ya shuka shi da damina zai haɗa shi da danshin da ke kawo cutar ganye da ruɓewar kai, wanda kuma ya yi jinkiri har Janairu zai tarar furen ya buɗe cikin zafin Maris, ƙwaya ta fito shafal. Haka nan kada labarin harshuf, ɗan'uwansa da ake nomawa a Sifaniya da tsibirin Sardiniya na Italiya domin makamashi, ya ruɗi kowa, domin can ruwan sama da sanyi yake sauka, namu kuwa da zafi.

Babbar ɓarna, a ganina, wajen ban ruwa ake yinta. Ƙasar hawasha, wato gonar ban ruwa, laka ce mai nauyi wadda ke tsagewa idan ta bushe, ta kuma riƙe ruwa idan ta sha, mu kuma mun saba buɗe abu ishirin, wato magudanar da ke kawo ruwa gona, mu bar ruwa ya kwanta. Gurɗum ba ya jure wannan. Kwana kaɗan bayan irin wannan ban ruwa sai a ga ganye ya yi yaushi, manomi ya zaci ƙishi ne ya ƙara sakin ruwa, alhali da ya tumɓuke guda ɗaya da ya ga saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, bawonta yana saluɓewa a hannu. Gyaran shi ne a ja kunya a shuka a kanta, a ba da ruwa kaɗan wanda zai nitse ba tare da ya kwana ba, kuma kada a bar gona ta bushe ƙurmus sannan a cika ta a rana mai zafi. Saiwarsa tana nitsewa har mita 2 ko fiye tana neman danshi da kanta, wanda hakan ke nufin amfanin da zai biyo baya zai tarar da ƙasa a bushe.

A makonnin farko shukar tana kwance a ƙasa kamar ba ta girma, nan ne ciyawa ke danne ta, saboda haka noman fari ba ya jira. A kula musamman da ciyawar nan mai ƙaya mai fure rawaya, wadda ke fitar da ruwa rawaya idan an karya ta, domin ƙwayarta baƙa tana da guba, kuma idan ta shiga buhu ta ɓata man.

Wanda ke son ganyen domin tumaki da awaki ya yanka kafin fure ya buɗe, tun ƙaya ba ta yi ƙarfi ba, ko ya nemi irin da ba shi da ƙaya. Ambaz ɗin da ya rage bayan matsar mai abinci ne mai kyau ga shanu da tumaki, amma idan da ɓawon aka matse ƙwayar, kaji ba sa narkar da shi sosai, sai an fere ta tukuna.

Sai maganar inji. Ɗanyen man gurɗum ya fi jazulin kauri nesa ba kusa ba, kuma zuba shi haka nan a babur, wato injin ban ruwa, yana toshe nozul ɗin da ke fesa mai, ya tara datti a cikin inji. Sai an tace shi, an sarrafa shi da sinadarin mesanol da soda, an ware gilisarin da ke kwanta a ƙasa, sannan ya zama makamashin da inji zai karɓa. Kafin a kai nan ma, ya kamata manomi ya tambayi kuɗin jarkar man girki a kasuwar Sinnar ya kwatanta da na jazulin, domin man gurɗum mai ne na ci, kuma sau da yawa sayar da shi a sayi jazulin ya fi ƙona shi riba.