Darasi na 9: Ɗumame a Maikurowef

A shagunan kayan wuta na Garwa da Marwa ana sayar da wani akwati mai ƙofar gilashi, ana ce masa maikurowef. Wani injiniya ɗan Amurka, Percy Spencer, ya gano dabararsa a 1945.

Mutane da dama na gudunsa, wai yana sa wa abinci guba. Ba haka ba ne. Ruwan da ke cikin abinci yake motsawa da sauri har ya ɗau zafi. Da an kashe shi, babu abin da ya rage a cikin tuwo sai zafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ya cutarwa idan an bi ƙa'ida kuma ƙofarsa na rufuwa ruf.

Wajen ganye ma yana da amfani. Bitamin C na zogale da alayyahu da yakuwa ba ya jure doguwar dahuwa, kuma yana narkewa a ruwa. Mai tafasa zogale a tukunya cike da ruwa ta tsiyaye ta zubar, ta zubar da wani abu na amfaninsa. Maikurowef kuwa ruwa kaɗan yake so, da 'yan mintoci.

Inda ya kamata ku sa ido shi ne zafinsa ba ya ratsa abinci daidai. Sai ku ga gefen malmalar tuwon masakwa yana turiri, tsakiyarta da sanyi ƙalau, kuma a nan ƙwayoyin cuta ke tsira. Don haka a yayyanka tuwon, a yayyafa ruwa, a rufe. A tsayar a juya miya, a mayar, sai ko'ina ya yi turiri. Zafin da ake so ya kai digiri 70. Madarar jariri kam kada a sa ta ciki ko kaɗan: kwalbar za ta yi ɗumi a hannu, amma wani ɓangaren madarar ya ƙona masa baki.

Kwanon samira da cokali da duk wani ƙarfe suna tartsatsi. Leda da robar man girki suna narkewa su shiga abinci. A yi amfani da tangaran ko gilashi. Ƙwai da ɓawonsa fashewa yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne shinkafar da ta kwana a waje. A watan Afrilu zafin Marwa kan wuce digiri 40. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba firji. Akwai ƙwayar cutar da ke zuba dafi a shinkafa, kuma ɗumame ba ya kashe dafin, ko a gawayi ko a maikurowef. Idan an ɗauke wuta dare guda, shinkafar ta yi yauƙi, a haƙura da ita.

Aikin gida: ku duba kwanukan ɗakinku, ku rubuta sunayen waɗanda za a iya sawa a maikurowef, ku zo da su aji mu karanta tare.