Yadda ake tantance katantanwar dutse irin ta Manticoceras

Masu tara duwatsu a nan Damagaram, musamman ɗalibai, da yawa in sun samu amonit, wato ƙwanson wata tsohuwar halittar teku mai kama da katantanwa da ya zama dutse, sai su duba siffar waje kawai su laƙaba mata suna, kuma nan ne ake ɓata aikin.

Da farko ka tambayi inda aka tsinto ta. In daga Damargu ce, wajen Tanut, to ajiye zancen Manticoceras gefe, waɗancan na zamanin Kiretase ne, shekara wajen miliyan 95. Dangin amonit da ake kira Gephuroceratidae kuwa, wanda Manticoceras ke ciki, sun rayu a ƙarshen zamanin Deboniyan, kusan shekara miliyan 380 baya, suka ɓace wajen miliyan 372. Ana samunsu a Jamus da Amurka da Ostiraliya da kudancin Maroko, yankin Arfud, inda ake goge su a sayar wa baƙi.

Sai ka wanke ta da ruwa da tsohon buroshin haƙori, a hankali don Allah, ban da wuƙa. Tun tana jiƙe ka nemi layukan ɗinki, wato sawun bangayen da suka raba ɗakunan ciki. Na Deboniyan layin a sake yake, lanƙwasa babba sai tsini, ba ƙananan haƙora, amma na Damargu layin ya yi ƙwalam-ƙwalam yana ta rassa. Zana shi a kaye yadda ka gan shi, wannan ya fi komi amfani.

Yanzu awo. Ari ma'aunin nan mai baki biyu wajen makanike, ka auna faɗin ƙwanson gaba ɗaya, da kaurinsa, da faɗin cibiya, ramin tsakiya ke nan inda naɗin ya faro kamar gammo. Raba faɗin cibiya da faɗin ƙwanso, haka ma kauri ka raba shi da faɗin ƙwanson, ka rubuta.

To inda rikicin yake, jinsi guda ma wata siririya ce mai matsattsiyar cibiya wata kuma ɓuleliya, sannan ƙarama tana da buɗaɗɗiyar cibiya amma in ta girma naɗin waje ya rufe na ciki sai ka rantse wata halitta ce dabam, shi ya sa sunaye suka yi yawa a wannan dangi. Don haka kar ka gwada babba da ƙarama. Jera masu girma ɗaya, na shimfiɗar dutse ɗaya, daga siririya zuwa mai kauri. In awon na tafiya bi da bi ba giɓi, jinsi ɗaya ne. In ka ga sun rabu gida biyu, koma kan zanen ɗinkin ka duba ko shi ma ya bambanta.