Yadda ake nuna kason kowane rukuni a jadawalin ɗige-ɗige

Tambayoyi sun yi yawa kan yadda ake mai da kowane ɗigo ya zama ƙaramin faifai mai yanka-yanka a manhajar R. To ga matakan:

1. Sauke ƙunshin scatterpie daga CRAN, ma'ajiyar ƙunsoshin R.
2. Loda shi tare da ggplot2, ƙunshin zana jadawali.
3. Shirya teburinka, kowane gari da layinsa ɗaya.
4. Ba kowane rukuni layinsa na tsaye, misali gero, dawa, masara.
5. Cike guraben da babu komai da 0.
6. Kira geom_scatterpie, ka nuna masa x da y, wato matsayin kowane gari a jadawalin.
7. Jera sunayen rukunan a cols.
8. Ɗaura r, wato rabin faɗin faifan, a kan sqrt (tushen murabba'i) na jimillar rukunan kowane gari.

Hattara a nan! In ka sa jimillar kai tsaye, garin da ya ninka wani sau 2 zai fito da girma sau 4.

9. Ƙara coord_equal, in ba haka ba faifan zai miƙe kamar ƙwai.
10. Sa geom_scatterpie_legend don a gane ma'anar girman.

Ni dai rukuni ya wuce 4, ko faifan suka hau kan juna, sai in raba jadawalin da facet_wrap.